Jakar goyo ɗaya, jirage biyu: yadda ta wuce a tafiyar farko ta maƙale a ta biyu

Lamarin na wata matafiya ce da ta je taron kwana huɗu a Landan, ta kuma ƙudurta leƙawa Milan na kwana uku kafin ta koma gida. Irinsa na faruwa kullum a ƙofar shiga jirgi, kuma kusan duk wanda abin ya shafa yana tafiya ne da tunanin an zalunce shi. Idan aka bi lamarin zare-zare, za a ga kuskuren ya riga ya auku tun ranar sayen tikiti, a ƙofar jirgi kawai ya bayyana.

Tikiti biyu ta saya, kowanne da kamfaninsa. Na farko na doguwar tafiya ne zuwa Landan, a kamfanin da ke ba fasinja damar shiga da jaka biyu: babba mai santimita 56 x 45 x 25 da ake sawa a ma'ajiyar saman kai, da ƙarama mai 40 x 30 x 15 da ake turawa ƙarƙashin kujerar gaba. Na biyu, daga Landan zuwa Milan da dawowa, na kamfanin jirage masu araha ne, kuma mafi sauƙin farashi ta zaɓa. Abin da wannan tikitin ya ƙunsa shi ne kujera da jaka guda ɗaya tak, mai santimita 40 x 30 x 20, wadda dole ta shige ƙarƙashin kujera.

Kayanta uku ne: akwati mai taya da ta bayar a wurin awon kaya, jakar goyo, da jakar rataye ta mata mai ɗauke da fasfo, waya da lalita. A tafiyar farko babu wanda ya ko kalli jakunkunan nan biyu. Da za ta tafi Milan sai ta bar akwatin a Landan, ta zuba kayan kwana uku a jakar goyon, ta rataya ƙaramar, ta nufi filin jirgi da natsuwar cewa waɗannan jakunkunan sun riga sun ci jarrabawa.

Inda tunanin ya karkace

Jakar goyon ba ta taɓa cin jarrabawar ƙaramar jaka ba. A jirgin farko, da yake akwatin ya tafi ƙasan jirgi, gurbin babbar jaka ya zama fanko, sai jakar goyon ta shige cikinsa, jakar ratayen kuma ta zama ƙaramar jaka. A jirgi na biyu gurbi ɗaya ne kawai, kuma ƙaramin ne. Jakar dai ita ce, amma matsayin da aka ba ta ya canja, ma'aunin da za a gwada ta da shi ma ya canja.

Wannan ne abin da ya fi rikita matafiya: babu wata doka ta duniya da ta tsayar da girman ƙaramar jaka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. British Airways na ba da 40 x 30 x 15. KLM da Air France ma haka, sai dai su suna haɗa nauyin jakunkunan biyu, kada ya wuce kilo 12 a kujerun gama-gari. Wizz Air na ba da 40 x 30 x 20 da iyakar kilo 10. Ta easyJet ta fi yalwa, 45 x 36 x 20 har kilo 15. Ryanair ya daɗe a kan 40 x 25 x 20, sai a 2025 ya faɗaɗa zuwa 40 x 30 x 20. A Amurka da inci ake awo: American Airlines 18 x 14 x 8, wato kusan santimita 45 x 35 x 20, United kuma 17 x 10 x 9, kusan 43 x 25 x 22. Emirates kuwa jaka ɗaya mai kilo 7 yake ba fasinjan kujerun gama-gari. Idan aka mayar da waɗannan lambobi zuwa lita, za a ga ratar: 40 x 30 x 15 lita 18 ce, 40 x 30 x 20 lita 24, ta easyJet kuwa ta haura 32. Jakar da ta zauna daram a jirgi ɗaya na iya zama kayan biya a wani.

Don haka mai tafiya da jirage fiye da ɗaya ba shi da ma'auni sai na jirgin da ya fi tsanani a duk tafiyar, har da na dawowa. Akwai kuma wani tarko ga wanda ya sayi tikiti ɗaya mai yada zango: kamfanin da ya sayar maka da tikiti ba lallai ne shi zai ɗauke ka a kowane zango ba. A kan jakar shiga jirgi, dokar kamfanin da jirginsa zai tashi da kai ita ake bi, kuma sunansa na rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin lambar tafiyar.

Abin da ya faru a ƙofar jirgi

Matafiyar ta ciro katin shiga jirgi ta manhaja, ba ta da kayan awo, saboda haka ba ta bi ta wurin awon kaya ba. A wurin binciken tsaro ma ba a ce mata komai game da girman jaka ba, domin ba aikinsu ba ne. Su abin da ke ciki suke dubawa. A nan dai ta rasa kwalbar man shafawa mai mililita 150, duk da cewa saura rabi a ciki. Tun 2006 ƙa'idar ita ce kowace kwalba ta abu mai ruwa-ruwa kada ta wuce mililita 100, duka kuma su shige leda ɗaya mai haske ta lita ɗaya, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a cikinta ba. Wasu filayen jiragen da suka kafa sababbin na'urorin bincike sun sassauta, amma sassaucin na filin da ka tashi ne kaɗai, ba ya bin ka zuwa filin da za ka dawo ta cikinsa.

Sai a layin shiga jirgi ma'aikaciya ta tsayar da ita, ta ce tikitinta na jaka ɗaya ne, ga shi tana ɗauke da biyu. Matafiyar ta yi abin da kowa zai yi: ta buɗe zif, ta danna jakar ratayen cikin ta goyo, ta rufe da ƙyar. Aka ce ta sa a kejin awo.

Kejin nan akwati ne mai gefuna huɗu na ƙarfe, ba ya lanƙwasa, ba ya jin bayani. Jakar ta shiga kusan rabi ta tsaya cak. Ta juya ta, ta danna da tafin hannu, aljihun gaba ya toge a bakin kejin. Ko da ta shige da ƙarfin tsiya, kanta zai leƙo sama da layin da aka ja.

A nan ya kamata a tsaya a duba lambobin sosai, domin a jikin takardar da aka sayo jakar da ita an rubuta 40 x 30 x 20, daidai da abin da kamfanin jirgin ke nema. Matafiyar ba ta yi ganganci ba, ta karanta, ta kuma yarda da abin da ta karanta. Amma wancan awo na jaka ce babu komai a ciki, a shimfiɗe, kuma sau da yawa masu ƙera jaka ba sa lissafa mariƙin sama da aljihunan waje. Kamfanin jirgi kuwa yana lissafa komai: mariƙi, madaurin kafaɗa, taya idan akwai, da duk abin da ya kumbura. Ga yadda jakarta ta kasance bayan an cika ta. Tsawo ya zama 43, saboda mariƙin sama da rigar sanyi da ta naɗe ta danna a can sama. Faɗi ya zama 33, saboda gorar ruwa a aljihun raga na gefe. Kauri ya kai 24 tun daga masauki, saboda caja, fawa bank da ledar kwalabe duk suna aljihun gaba. Da jakar rataye ta shiga sai ya kai 28.

Kauri ne ke kayar da mafi yawan jakunkuna. Jakar yadi ba ta cika a murabba'i, tana cika ne kamar tulu, tsakiyarta ya fito. Mutum zai auna ta daga gefe inda ɗinki yake ya ga 19, alhali cikinta ya kai 24. Kejin kuwa da wuri mafi kumburi yake hukunci.

Aka ce ta biya kuɗin ƙofa, jakar kuma ta tafi ƙasan jirgi. Wannan kuɗi ya fi wanda ake biya ta intanet kafin tafiya nesa ba kusa ba, kuma a tikiti mai araha yakan kai kuɗin kujerar kanta ko ya wuce. Kamfanoni da dama da kati kawai suke karɓa a wurin. Ta biya.

Minti biyun da suka fi kuɗin muhimmanci

A ganinmu, asarar kuɗin ita ce ƙaramar matsala a wannan lamari. Babbar ita ce abin da ya biyo baya. Da aka liƙa wa jakar takardar shaidar kaya, ma'aikaciyar ta tambaye ta ko akwai batir a ciki. Akwai. Sai ga ta a durƙushe a ƙasa, mutane na wucewa ta gefenta, tana tono kaya. Ta ciro jakar ratayen da ta cusa ɗazu, wadda yanzu ita ce jakarta ta kyauta. Ta ciro fawa bank, ta rungumi kwamfutar tafi-da-gidanka a ƙirji domin ba ta shiga jakar ratayen. Maganin hawan jini da take sha kullum yana can cikin aljihun ciki, tare da makullin masaukinta na Landan, kuma ba ta tuna da su ba sai da jirgi ya ɗaga.

Batun batir ba tsari ne na takura ba. Batirin litiyom idan ya lalace ko ya matsu yana iya zafi har ya kama da wuta, kuma wutar tana ciyar da kanta. A ɗakin fasinjoji ma'aikata za su ga hayaƙi su kai ɗauki, a ƙasan jirgi babu mai isa wurin. Shi ya sa fawa bank da duk wani batirin ajiya ba sa shiga kayan awo ko kaɗan. Iyakarsu ana lissafa ta da ma'aunin Wh, wato yawan wutar da batir ke iya ɗauka: har 100 babu buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfani kuma kada su wuce biyu, sama da 160 ba sa shiga jirgin fasinja. Yawancin fawa bank mAh ake rubuta wa a jiki, lissafin kuwa mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000, sai a samu Wh. Nata mai 20,000 ya zama 74, ba matsala. Mai 30,000 zai zama 111, ya shiga sahun masu neman izini. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙin karɓarsa, domin babu yadda za a tabbatar da ƙarfinsa. Bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a filin jirgin Busan na Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da dama sun ƙara tsaurarawa. Emirates, tun 1 ga Oktoban 2025, ya hana amfani da fawa bank a cikin jirgi, ya taƙaita shi zuwa ɗaya, ya kuma ce a ajiye shi a aljihun kujera ko a jakar ƙarƙashin kujera, ba a ma'ajiyar sama ba. Wato wurin zamansa shi ne ƙaramar jakar nan da muke magana a kanta.

Jakar matafiyar ta iso Milan lafiya, bayan jiran da bai kasance cikin shirinta ba. Da ta yi ɓatan kai, da ta kwana ba magani. Diyya ma ba za ta warware komai a daren ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta sa iyaka ga abin da kamfani zai biya a kan kaya, kuma tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ita ce SDR 1,519, ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, kusan dalar Amurka 2,000 ga kowane fasinja. Ƙorafin lalacewar kaya kuma dole a shigar da shi a rubuce cikin kwana 7, na jinkiri cikin kwana 21.

A nan ne darajar ƙaramar jaka take. Babbar jakar shiga jirgi, ko da ka biya mata, ana iya karɓe ta idan ma'ajiyar sama ta cika, musamman a ƙananan jirage. Ƙaramar da ta cika ma'auni ce kaɗai ba a raba ka da ita. Duk wanda ya cika ta har ta wuce awo ya sayar da wannan kariya a kan riga ɗaya ko takalmi.

Shin tana da hujjar neman a mayar mata da kuɗinta?

Da wuya. Sharuɗɗan da ta amince da su lokacin sayen tikiti sun faɗi jaka ɗaya da girmanta, kuma tata ta wuce ta kowane ɓangare. Gaskiya ne cewa batun na cikin taƙaddama a Turai. A 2014 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar da ta shafi kamfanin jirage na Vueling, ta ce bai kamata a caji kuɗi a kan jakar hannu ba muddin girmanta da nauyinta na cikin hankali, amma ba ta faɗi santimita nawa ba ne cikin hankali. A Nuwamban 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar, Ryanair, Vueling, easyJet, Norwegian da Volotea, jimillar yuro miliyan 179 a kan wannan da wasu caje-caje, kamfanonin kuma suka ƙalubalanci hukuncin. A 2025 ƙungiyar manyan kamfanonin jiragen Turai ta amince cewa ƙaramar jakar kyauta ba za ta gaza 40 x 30 x 15 ba a wurin mambobinta. Duk wannan na da amfanin sani, amma babu ko ɗaya da zai buɗe maka ƙofa ana saura minti goma a rufe ta. Ma'aikaciyar da ke tsaye a wurin ba ita ta rubuta dokar ba, kuma jayayya mai tsawo na iya sa jirgin ya tafi ya bar ka.

Abu ɗaya da ya dace a yi idan mutum ya tabbata jakarsa ta shige kejin amma aka caje shi: ya ɗauki hoton jakar a cikin kejin, ya karɓi rasit, ya shigar da ƙorafi a rubuce bayan ya sauka.

Yadda aka gyara tafiyar dawowa

Tikitin dawowa irin na zuwa ne, don haka matsalar na nan tana jiran ta. Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta shiga manhaja ta sayi izinin babbar jaka tun kafin ranar tafiya, jakar goyo ta hau sama, ta rataye ta zauna a ƙafa. Ko kuma ta mayar da komai jaka ɗaya ta gaske. Ga wanda kayansa suka wuce da yawa, ta farko ita ce daidai, a biya da wuri hankali kwance, domin guraben babbar jaka a kowane jirgi ƙidayayyu ne kuma suna ƙarewa. Kayanta ba su wuce da yawa ba, sai ta ɗauki ta biyu, kuma tun da dare, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Farko ta zazzage komai. Aljihun gaba ta bar shi fanko, wannan kaɗai ya rage santimita huɗu. Kwamfuta ta koma aljihunta na jikin baya, a miƙe. Tufafi ta naɗe su ƙanana ta jera daga ƙasa, ta cike kusurwoyi da safa da caja, domin a kusurwa ne jakar yadi ke ɓarnar wuri. Rigar sanyi da takalmin da ya fi nauyi ta ware su don sawa a jiki. Abin da ke jikinka ba a auna shi. Gorar ruwa ta zubar da ruwan, ta sa ta ciki, ba a aljihun gefe ba. Jakar ratayen ta kwashe kayanta ta shimfiɗa ta kamar faranti a bayan tufafi, fasfo da waya da lalita suka koma aljihun rigar sanyi mai zif. Sannan ta ja madauran matsewa na gefe, ta naɗe jelar madaurin kafaɗa don kada su yi reto.

Awon da ta yi shi ne wanda ya kamata kowa ya yi kafin ya bar gida. An jingina jakar da bango a cike, an kara littafi mai tauri a wurin da ta fi kumburi, an auna daga bango zuwa littafin. Haka aka yi wa tsawo, daga ƙasa zuwa saman mariƙi, haka faɗi. Ya fito 39 x 29 x 19. Wannan ragin santimita ɗaya a kowane gefe da gangan ne, domin kaya na sauka ƙasa yayin tafiya, gindin jaka ya buɗe. Wanda ke da kwali a gida yana iya yanka shi daidai ma'aunin ya gwada jakar a ciki. Idan sai an danna ta shiga, ba ta wuce ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda muke ba kowa shawara ko da jakarsa ta cika awo. Ta haɗa magani da takardar likita, fawa bank, makulli, wayar caji ɗaya da tabarau a ƙaramar leda mai zif, ta ɗora a can sama, inda hannu ɗaya zai ciro ta cikin daƙiƙa biyar. Idan wani dalili ya sa aka karɓi jakar, abin da ba a rabuwa da shi ya riga ya taru wuri guda.

Ta kuma duba kujerarta. Layin farko da ke fuskantar bango ba shi da kujerar gaba da za a tura jaka ƙarƙashinta, a layin ƙofar gaggawa kuma kamfanoni da yawa ba sa barin komai a ƙasa lokacin tashi da sauka, sai jakar ta hau sama. A wasu jirage ƙarƙashin kujerar bakin hanya ya fi ƙunci saboda ƙafar kujera, a na doguwar tafiya kuma akwatin na'urar talabijin na cinye wani ɓangaren. Tata ta jikin taga ce a tsakiyar jirgi, babu abin canjawa.

A ƙofar jirgi a Milan an sake cewa ta gwada. Ta saki jakar a bakin kejin, ta zame da nauyin kanta har ƙasa, mariƙin na ƙasa da layi. Ta ɗauko ta da hannu ɗaya, aka duba fasfo da katin shiga, ta wuce.